Ranar da Inna Ta Yi Turanci

Ni 'yar Gwandu ce, aure ya kai ni Kalgo. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya yi mini uzurin baƙunta, ya ce ban san al'adar mutanena ba. Na san ta sarai, a cikinta aka yaye ni. Yunwa ce ta sa na yi kamar na manta.

A shekarar da nake magana a kai, ruwa ya cinye shinkafarmu ta fadama tun ba ta fitar da kai ba. Maigidana ya ari babur ɗin ƙanensa ya shiga kabu-kabu don a samu na sawa a baki. Bai rufa wata biyu ba wata motar itace ta ture shi cikin rami, cinya ta karye. Mai ɗori ya zo ya ɗaure, ya ce a kwanta a bar motsi. Gidan kuwa mu shida ne: ni, shi, yara uku, sai mahaifiyarsa da nake kira Inna. Takardar shaidar malantata tana ƙasan akwati shekara shida, ta sha ƙamshin turaren wuta har ta gaji, ba ta taɓa kawo ko mudun gero ba.

Ana cikin haka aka ce wata ƙungiya za ta buɗe ajin matan aure, a koya musu Turanci daga tushe, yadda mace za ta gane katin asibiti ta kuma amsa tambaya idan an yi mata. Na je da takarduna. Suka ɗauke ni, amma na gwaji. Sharaɗi biyu ne. In tara mata ashirin da biyar, sannan bayan mako goma za a aiko mai dubawa ta ji ko suna magana. In sun yi, aji ya zauna, ni ma aikina ya tabbata da alawus ɗinsa na wata. In ba su yi ba, a rufe, kowa ya kama gabansa.

Na bi gida gida har takalmina ya tsinke, na samu mata ashirin da huɗu. Ta ƙarshen ta gagara. Ina zaune tsakar gida na zuba wa takardar ido, Inna tana ɓarar gyaɗa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, “Rubuta ni. Amma ki sani, ni zama za ni yi, ba ni cewa komi.”

Kafin a fara an kai mu bita Birnin Kebbi, kwana biyar, a wani ɗaki mai sanyi da ya sa ni mura. Mai koyar da mu ya ce mu daina cika allo da dokokin nahawu, babba ba ya koyon yare da kallo, sai ya motsa baki. Aka ba mu littafi mai shuɗin bango cike da wasanni. Na dawo da shi a ƙirji, ina ji kamar an ba ni makullin rumbu.

Ajin wani ɗaki ne na aro a makarantar firamare, daga bayan azahar zuwa la'asar, lokacin yara sun tashi sun bar mana bencina. Makonni ukun farko na ce kakata ta yanke saƙa. Na ɗinka ƙwallon tsumma, in jefa wa mace in gaishe ta da Turanci, ta cafe ta amsa, ta jefa wa wata. Muka yi wasan umarni, wata ta ce tashi, zauna, rufe ƙofa, sauran su bi. Muka kafa kasuwa a gaban aji da albasa da tattasai da busasshen kifi, don su saba da yadda ake faɗin abu ɗaya da abubuwa da yawa. A nan ne na gane ba a koya wa matan Kalgo ciniki. Da kalmomi goma kacal wata ta taya kifi har mai sayarwa ta yi fushi da gaske. Inna tana can baya kusa da ƙofa a kan tabarmarta, da ƙwaryar gyaɗa a gabanta. In ƙwallo ta faɗi kusa da ita sai ta ture ta da ƙafa, ta ci gaba da abin da take yi.

Sai muka iso darasi na huɗu, darasin iyali, inda ake koyon nawa da naki da nata. Littafin ya ce a jera su bibbiyu, fuska da fuska, kowace ta tambayi 'yar'uwarta abu huɗu: sunanki, sunan mijinki, 'ya'yanki nawa, sunan ɗanki na fari. Na karanta wannan shafin tun a gida. Wani abu ya ɗan taɓa ni a ƙirji, na danne shi. Na ce wa kaina ai Turanci ne.

Na ƙirga su ɗaya biyu, ɗaya biyu, kamar yadda aka nuna mana a bita, ban ko duba wa ta faɗa hannun wa ba. Ashe na zaunar da wata amarya gwiwa da gwiwa da uwar mijinta, na haɗa wata da yayar mijinta. Na tafa hannu na ce a fara. Tambayar farko ta wuce da 'yar murya. Daga ta biyu ajin ya yi tsit, har ina jin akuyar maƙwabta tana tuƙa a bayan taga. Mata ashirin da huɗu suka ja mayafi suka dubi yatsun ƙafarsu.

A wurinmu mace ba ta kama sunan mijinta. Maigida ne, ko Malam, ko baban su wance. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Yawan 'ya'ya ma ba a ƙirga shi a fili, sai dai a ce Allah ya ba da. Littafin nan ya tattara duk abin da mace mai kunya ba ta faɗa ya zuba a shafi ɗaya, ni kuma na ɗauko na aza musu.

Maimakon in ja da baya sai zuciya ta ɗebe ni. Ina da saurin fushi, duk dangina sun shaida. Na buga littafin a tebur na ce, “Haba bayin Allah! Wannan fa Turanci ne, Turanci ba ruwansa da kunya. Ku faɗa kawai, karatu ne!”

Wata Bafilatana mai sayar da fura, wadda bakinta ba ya ajiye magana, ta ɗago ta dube ni. Ta ce, “Malama, bakin Turancin daban shike da wanda nika cin tuwo da shi? In daban na, ba ni aro in hwaɗi.”

Aka kwashe da dariya, ni kaɗai ban yi ba. Kashegari mata goma sha tara suka zo. Ranar da ta biyo baya, goma sha shida.

Na sake bin gidaje, wannan karon da ban haƙuri. Na durƙusa wa matan da na girme su. Na ce to, a bar sunan gaskiya, kowace ta ƙago wani suna ta ce na mijinta ne. Wata dattijuwa ta dafe ƙirji ta ce, “In tsaya gaban mutane in ce wani ƙato na daban shi na mijina? A'uzu billahi. Ke ɗiyar ga, boko bai yi miki rana ba.” Na fito daga gidan ban san hanyar da na bi ba.

Abin da ya dawo mini da su dabara ce da ba ta cikin littafi. Na zauna na tuna wa ke wasa da wa. Na haɗa taubasai da taubasai, na haɗa wadda ke matsayin kaka da jikarta, duk inda na san akwai wasa tsakani. Na tsallake zuwa darasin kwatance, na ce kowace ta faɗa wa abokiyar wasanta abin da ta fi ta. Ranar sai da mai gadin wurin ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi. Na fi ki tsawo, kin fi ni ci, akuyata ta fi taki ƙiba, tuwonki ya fi dutse tauri, duk da Turanci, a karkace amma a fili. Suka dawo har da masu zuwa kallo. Na ce Alhamdu lillahi, na samu hanya.

A mako na takwas saƙo ya shigo wayata. Za a zo dubawa ranar Laraba ta makon ƙarshe, kuma za a gwada mata a kan gaisuwa, kasuwa, da darasin iyali. Na kira lambar, na yi bayani iyakar iyawata. Wanda ya ɗauka ya saurare ni da ladabi, ya ce takardar gwajin iri ɗaya ce a ko'ina, ba shi da ikon canzawa. Katina ya ƙare yana cikin ba ni haƙuri.

A gida kuwa abin ya kai inda ya kai. Na sayar da tunkiyata, na sayar da kwanonin jerena ɗaya bayan ɗaya har kabad ɗin ya zama kango. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, da safe a ɗumama abin da ya rage a ba yara. Maigidan yana kwance yana kallon rufin ɗaki, mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, ƙafar ta kumbura ta ƙi saɓewa. Duk ranar da na dawo daga aji sai ya tambaye ni, “Suna yi kuwa?” In ce suna yi. Ban taɓa gaya masa maganar darasi na huɗu ba.

Shi ne ɗan farin Inna. Tun da na shigo gidan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ranar da aka kawo labarin hatsarin tana tankaɗe, na kurma ihu na zube ƙasa, ita kuwa ta ci gaba da tankaɗenta har ta gama, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Duk jinyar nan ba ta taɓa zama a bakin gadonsa ba. In ta dama kunu sai ta ba jikarta ta ce a kai ciki. In za ta tambayi jikinsa sai ta tambaye ni, tana kallon wani wuri, “Ya mai jiki?” Na san al'ada ce, amma ba zan ɓoye ba, na riƙe ta a zuciya. Na sha cewa a raina wannan ba kunya ba ce, taurin rai ne. Kuma in na gan ta a bayan aji tana ɓarar gyaɗa, ni ina ta fama kamar mai tura mota a yashi, sai haushi ya ƙara turnuƙe ni.

Makonni biyun ƙarshe na yi abin da na san ba zai yi ba. Kullum sai na ware minti goma na maimaita jimlolin iyali ni kaɗai, da ƙarfi, ina nuna hotunan littafin. Sunan mijinta kaza. Wannan ɗana ne. Wannan 'yarta ce. Matan su bi ni a tare muddin a kan mutanen hoto ne. Da na juyo na nuna mace na ce ke fa, sai a ja mayafi. Na roƙe su, na yi musu faɗa, wata rana har hawaye ya zubo mini a gabansu. Mai fura ta ce, “Malama, ki yi haƙuri, muna son ki. Abin na ba ya hita.”

Ranar Laraba ta zo. Na aro mayafi wurin maƙwabciya, na share ɗakin sau biyu. Mata suka cika, ba wadda ta yi fashi, wasu har da kwalliyar biki. Mai dubawar ta iso a mota. Yarinya ce ba ta kai ni shekaru ba, tashin birni, Hausarta irin ta rediyo. Ba muguwa ba ce, ina so a san wannan. Ta gaishe da kowa da fara'a, ta zauna a gefe da takarda mai gidaje-gidaje da biro.

Gaisuwa ta tafi lafiya lau. Kasuwa ma haka, har ta yi dariya ta sayi kifin da gaske. Na ga biro yana ta sauka a gidajen, zuciyata ta fara kwanciya. Sai ta juya shafi ta ce saura na iyali, kuma shi ya fi yawan maki, ita za ta yi tambayoyin da kanta.

Ta tambayi ta farko sunanta, ta amsa. Ta tambayi sunan mijinta, matar ta sunkuyar da kai. Ta koma kan ta biyu, haka. Ta uku ma ta rufe fuska gaba ɗaya. Mai dubawar ta dubi takardarta, ta dube ni. Na ga tausayi a idonta, kuma tausayin ya fi tsorata ni a kan a ce faɗa ta yi.

Ta ce, “Wataƙila tsorona suke ji. Malama, zo mu nuna musu ni da ke. In sun ga kin yi, za su saki jiki.”

Na fito tsakiyar aji. Ta tambayi sunana da Turanci, na faɗa. Ta tambayi garinmu, na ce Gwandu. Sannan ta yi murmushi ta tambayi sunan mijina.

Na rubuta sunan nan a takardu ba adadi. Ranar hatsari na raɗa shi ga mai yankan kati a asibiti. Amma ban taɓa ɗaga murya na faɗe shi a gaban matan gari ba, balle a gaban matar da ta haife shi. Ina jin ta a bayana ko ban waiwaya ba, ƙarar ɓarar gyaɗar ma ta tsaya. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, na ce wa kaina faɗi mana, tuwon 'ya'yanki ne, maganin ƙafarsa ne, kalma ɗaya ce. Harshena ya yi nauyi ya kwanta. Gumi ya karyo mini tun daga tsakar kai har cikin mayafin aro. Ni da na yi mako shida ina buga tebur ina cewa Turanci ba ruwansa da kunya, ga ni tsaye kamar an dasa ni.

Ta maimaita tambayar a hankali, ko ban ji ba. Na ji mana. Kowace mace a ɗakin nan tana iya faɗin sunan ba ta yi laifin komai ba, mijin wata ne a wurinta. Amma kunyata ta kama su duka, ba wadda ta iya ɗaga kai. Na ga murmushin mai dubawar ya dushe. Ta sauke biro kan takarda, ta fara neman gidan da za ta cike. A raina na ce shi ke nan, na kashe mu.

Sai na ji motsi a bakin ƙofa. Na waiwaya. Inna ce ta dafa bango ta miƙe, ɓawon gyaɗa yana zuba daga zanenta. Ba ta dubi kowa ba, bangon gaba ta kafa wa ido. Ta ɗaga hannu ta nuna ni. Da Turanci, kalma bayan kalma, da irin karin da nake maimaitawa kullum, ta ce, “Sunan mijinta,” sannan ta faɗi sunan maigidana. Ya fito daga bakinta a daddatse. Ta dafa ƙirjinta, ta ƙara jimla ɗaya da Turanci. Ta ce, ɗana ne.

Wata daga cikin tsofaffin ta yi salati a hankali. Amaryar nan ta toshe baki da mayafi. Mai dubawar kuwa ta tafa hannu da murna ta ce, “Madalla, Mama! Kin ga jimla cikakkiya!” Ba ta san abin da ta gani ba, kuma ba laifinta ba ne.

Inna ta koma ta zauna, ta ja mayafi har kan hanci. Kafin shirun ya sake danne mu, mai fura ta zabura ta miƙe, idonta jawur. Ta nuna maƙwabciyarta ta faɗi sunan mijin matar da Turanci. Ita ma waccan ta miƙe ta nuna ta gaba. Haka abin ya zagaya benci benci, kowace tana ɗauke wa 'yar'uwarta, ana tsallake duk inda akwai surukuta ba tare da wani ya ce a tsallake ba. Mai dubawar ta ce ba haka takardar ta tsara ba, amma magana ce ake nema, kuma ta ji magana. Ta cike gidajenta, ta sa hannu a gabana, ta ce aji ya zauna.

Ban yi murna a lokacin ba, zama kawai na yi a kan bencin yara. Matan suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniyar da aka saba. Duk wadda ta zo wucewa ta gaban Inna sai ta rage tsawo ta wuce.

Muka kamo hanyar gida bayan la'asar, tana gaba ina biye, na ɗauko mata tabarma da ƙwarya. Tafiya take da sauri, ba irin tata ba, tana bin gefen katanga. Masu gaishe ta a hanya ta amsa musu da hannu kawai. Ni kuwa ina ta juya abin da zan ce. Na gode ya yi kaɗan. Ki yafe mini abin da na riƙa a zuciya, wannan kuma ba ta san da shi ba balle in tone. Ina kallon duga-duganta masu faso suna taka ƙasa, hawaye na bin fuskata, ban goge ba.

A cikin zaure ta tsaya, inda ba mai ganinmu daga waje ko daga cikin gida. Daga nan ana jin tarin maigidan a ɗaki. Na durƙusa na ce, “Inna.”

Ba ta juyo ba. Ta miƙo hannu ta baya ta karɓi ƙwaryarta, na ji yatsunta sun yi sanyi ƙalau. Ta ce da 'yar ƙaramar murya, “Tashi ki shiga, yana jiran ki. Ki ce mai an sa hannu.” Ta yi taku biyu, ta sake tsayawa. “Sauran kuma, kak ki hwaɗa mai.”